Kafin Ka Hau Jirgin Bombai

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Daga mahaifinka Usman, mai yadi a kasuwar Bab Makka ta Jidda, zuwa ga ɗana Habibu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya tsare ka a tudu da kan ruwa, ya sauke ka Bombai lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Uwarka tana ta wankin kayanka tana share ido da gefen mayafi, ƙannenka kuwa tun ba ka tafi ba sun fara rigima a kan tsaraba. Labarin gida ke nan, ka kuma san shi, tunda gida ɗaya muke kwana.

Za ka yi mamakin uban da ɗakinsa ke kallon naka ya rubuto maka takarda. Tun ranar Asabar ban yarda da bakina ba, ban kuma yarda da hannuna ba. In na zaunar da kai ihu zan yi, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "ɗayyib, ɗayyib", wato to, to, har in gaji, ba abin da zai shiga. Da gangan kuma na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi maka sauƙi, amma da Larabci gudu kake yi a kan magana. Wannan za ta sa ka bi ta a hankali. Kalmar da ta gagare ka, ka tambayi uwarka.

Ranar Asabar na dawo daga sallar la'asar, na tsaya daga tsallaken hanya ina gaisawa da mai turare, sai na hango cikin shagonmu. Kai ne a tsaye da abokanka na unguwar Ruwais su biyu. Ka rataya igiyar awo a wuya, ka turo ciki, kana karkaɗa kai dama da hagu, kana karya Larabci irin na Ba'indiyen nan Dawud Bhai, kana mai da namiji mace, su kuma suna ta ƙyaƙyatawa har ɗaya ya kwanta a kan bandir ɗin yadi. Dawud Bhai yana tsaye a bakin ƙofa, da tikitin jirginka a hannunsa. Ya tako da ƙafarsa daga unguwarsu ta Sharafiyya a cikin wannan zafi don ya kawo maka. Ya yi gyaran murya, ya ajiye tikitin a kan tebur, ya tambaye ka lafiyar uwarka, ya juya. Da ya sha kwana kuka sake toshe baki kuna dariya. Na gani da idona, kada ka ce wani ya kai mini tsegumi.

Mutumin nan shi ne abokin cinikina tun ba a haife ka ba. Gidan yayansa za ka sauka. Masaƙun da za ka zaɓo mana kaya a cikinsu, da sunan gidansu za a buɗe maka ƙofa. Kai ɗin da yaran unguwa suka bi da jifa suna kiranka Takruni, sunan da suke laƙaba wa baƙar fata irinmu, ka dawo gida kana kuka, yau kai ne mai kwaikwayon harshen wani baƙo? Wallahi Habibu ban taɓa jin kunya a kasuwar nan irin ta ranar ba.

Amma da na kwana biyu ina tafasa, sai na tuna cewa ni ma ba da wayo na fara zama da mutanen nan ba. Na yi ta ɓarna, wata na biya ta da tsada. Zan faɗa maka su yadda suka faru, don kada ka je ƙasarsu ka maimaita.

Ni da uwarka daga Bur Sudan muka ƙetaro, da keken ɗinki na hannu a cikin buhu. Wani ɗan garinmu na Mai Wurno da ke Sudan ya raba mana bukkarsa a Ruwais, lokacin ruwan sha a kan jaki ake kawo shi cikin gwangwani. Na samu gindin wani bango kusa da Bab Makka na kafa keke. Yadin da nake ɗinki da shi a shagon Dawud nake saye. Shi ma saurayi ne a lokacin, siriri, yayansa Haji Isma'il ya turo shi daga Bombai ya riƙe musu shago. Shi ya fara kirana Usman Bhai, ya ce a wurinsu bhai ɗan'uwa ke nan, ni ma na riƙa mayar masa.

Da na fara samun kan sana'a, wani muɗawwifi mai karɓar alhazan ƙasashenmu ya ce in zan iya haɗa masa harami da fararen riguna masu yawa kafin jiragen alhazai su fara sauka, aikin nawa ne. Na ruga wurin Dawud na tambaye shi ko zai samo mini farin yadi kafin ƙarshen Shawwal. Ya yi murmushi, ya karkaɗa kai irin yadda ka kwaikwaya, ya ce da ɗan wuya, amma zai gwada, zai rubuta wa yayansa. Ni murmushin kawai na ji. Na koma na dafa ƙirji gaban muɗawwifi na ce halas, an gama. Duk lokacin da na leƙa na ce kaya sun taso, sai Dawud ya karkaɗa kai ya ce in sha Allah, ana ƙoƙari. Alhazai suka cika Jidda, yadi bai zo ba. Muɗawwifi ya ba wani aikin, ya kuma bi kasuwa yana cewa Takruni ba shi da magana ɗaya.

Na shiga shagon Dawud yana cike da masu saye, ga ma'aikatansa, na nuna shi da yatsa na kira shi maƙaryaci. Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye almakashi ya ce, "Usman Bhai, na gaya maka da wuya. Sau nawa mutum zai ce a'a?"

Na ce ƙarya ne, bai taɓa cewa a'a ba.

Ya ce, "A gidanmu ba a ce wa wanda ake jin nauyinsa a'a tsirara."

Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, kuma ba shi nake jin haushi ba. Mu Hausawa in an zo neman abin da ba za mu iya ba, me muke cewa? Za a duba. Allah ya kai mu. Na tashi a cikin wannan, na san ma'anarsa tun ina yaro, amma da ya fito daga bakin Ba'indiye sai kwaɗayin aiki ya toshe mini kunne. To ka ji. Karkaɗa kan nan ba alkawari ba ne. Sau da yawa ma'anarsa ina jinka, ci gaba. In mai masaƙa ya ce maka zai gwada, ko da ɗan wuya, ko ya sauya magana ya hau tambayar lafiyar mahaifinka, ka san an ba ka amsa. Kada ka yi musu tambayar da amsarta i ko a'a ce, domin ka matse mutum a lungu, zai ba ka wadda ba za ta ɓata maka rai ba. Ka tambayi yaushe za a sa zaren a kan inji, wane jirgi ne zai ɗauko, me zai iya tsayar da aikin. A cikin bayanin za ka tsinci gaskiya. Kada kuma ka rubuto mini cewa kaya sun taho sai ka ga an ɗaure su da idonka.

Abin da ya fi rashin yadin muni shi ne zagin da na yi masa gaban yaransa. Da na ja shi bayan shago na faɗa masa duk abin da ke raina, da washegari mun sha shayi. Amma na tsiraita shi gaban waɗanda ke cin abinci a ƙarƙashinsa. Daga ranar, in na shiga shagon sai ya shige ciki, ma'aikaci ya auna mini. Ni ma na ɗau girman kai na koma saye wurin wani Balarabe Bahadrame da ke zambatata a awo. Muka shafe fiye da shekara muna wuce juna kamar ba mu taɓa gaisawa ba. Ko da an cuce ka, Habibu, ko da gaskiyarka a fili take, kada ka ƙaryata mutum a gaban na ƙasa da shi. Ka jira a watse.

Yadda muka shirya kuwa, ba a taɓa ba ka labarin dalla-dalla ba, yau za ka ji. Ranar da za a haife ka naƙuda ta yi wa uwarka tsanani, ungozoma ta fito ta ce abin ya fi ƙarfinta. Na fita da rana tsaka ba takalmi, ina neman mota, ban san sanda ƙafata ta kai ni Bab Makka ba. Dawud ya hango ni daga shago. Fuskata kawai ya kalla. Ya fito ya riƙe hannuna ya tambayi abin da ya faru, ya rufe shagonsa a tsakiyar lokacin alhazai, lokacin da ɗan kasuwa ko abinci ba ya tsayawa ci. Ya je ya ɗauko wata likita 'yar garinsu da ke aiki a asibiti, ya sa mu a motar ɗaukar kaya har Ruwais. Ya zauna a kan gwangwanin ruwa a ƙofar bukkarmu yana jan carbi, zufa na ɗiga daga gemunsa, bai tashi ba sai da aka ji kukanka. Bai ambaci zagin da na yi masa ba, ranar ko bayanta. Da wannan karyayyen Larabcin da ya ba ku dariya ya roƙi direba, da shi ya yi wa uwarka addu'a.

Bayan mun shirya ma ban daina wauta ba. Na ɗauki zama a shagonsa ɓata lokaci. In na shiga sai ya tura a kawo shayin nan nasu mai madara da citta, ya fara tambayar uwarka, da haƙoranka, da labarin damina a Sudan, ni kuwa ina tsaye ina yalla yalla, a yi sauri, keke na jirana. Sau da dama na ce na gode na ƙoshi, na bar kofin yana huce. Wata rana ya ce mini cikin dariya, wadda ba dariya ba ce, in na shigo sai ya ji kamar ma'aikacin baladiyya, hukumar gari, ne ya zo duba lasisi. Ashe duk kayan da suka fi kyau, da labarin abin da ke tafe a jirgi, da ragin da ake yi wa na gida, a kan kofin nan ake ba da su. Wasu da na fi su saye suna samu, ni ina ɗaukar ragowa, saboda su suna zama. Ka ga asarar da gaggawa ta ja mini, shekara da shekaru, ba wanda ya zalunce ni sai ƙafata da ta ƙi lanƙwasawa.

Saboda haka in an miƙo maka shayi ka karɓa da hannun dama ka sha, ko cikinka a cike yake. In ka ƙi na farko don kunya za a sake tayi, na biyun kada ka ƙi. Za su tambaye ka ko ka yi aure, me ya hana, 'ya'yan mahaifinka nawa, me gidanku ke ci. Ba shisshigi ba ne, auna ka ake yi, domin ba sa ba da kaya ga wanda ba su san gidansa ba. Kai ma ka tambayi nasu, ka riƙe sunayen 'ya'yansu. In an ce maka a jira kaɗan, ka sani kaɗan ɗin yana iya kai wa azahar. Kai dai ka isa a kan lokaci, ka zauna, kada a ga kana duba agogo kana tsaki irin wanda kake yi wa uwarka in abinci ya yi jinkiri.

Sai shekarar da Haji Isma'il ya zo aikin hajji. Ni da Dawud mun riga mun daɗe muna shawarar haɗa gwiwa, su kawo kaya daga can, ni in san abin da alhazan Kano da Fort Lami da Sudan ke so in sayar, shagon kuma da sunan kafilinmu, ɗan ƙasar da ya tsaya mana. Bayan an sauko daga Arfa aka gayyace ni cin abinci a gidansu. Na shiga da murnata na rungume Dawud, na yi ta wasa da shi, sannan na juya na miƙa wa dattijon hannu ɗaya kamar wanda na haɗu da shi a layin famfo. Na zauna kafin ya zauna. Ana cikin cin shinkafa na ɗauko zancen haɗin gwiwa, na dubi Dawud na ce ya faɗa wa yayansa mun riga mun gama magana. Dawud da na sani mai surutu ya zama kamar an ɗinke masa baki, idonsa a kan faranti. Dattijon ya ci gaba da cin abincinsa, ya tambaye ni ko ruwan Nilu ya fi na Jidda daɗi, aka tashi. Ya koma Bombai bai ce komai ba, maganar ta kwanta har wani hajjin ya zagayo.

Na ji haushi ƙwarai, na ce wa Dawud shi ba namiji ba ne, gemu har ƙirji amma ba ya iya yanke magana a shagon da yake kwana yana tashi a ciki. Ya ce in ya yanke magana yayansa na zaune, ya nuna wa baƙo ke nan cewa gidansu ba babba. Ya ce abin da dattijon ya faɗa bayan fitata guda ɗaya ne, wai wanda bai san wa zai fara gaisarwa ba, yaya zai san wa zai fara ba kaya. Ni da na tashi a gidan da ba a ɗaga ido gaban yaya, ni aka yi wa wannan shaidar. Ba ni da wanda zan zarga.

Haji Isma'il ya tsufa yanzu, an ce kunnensa ya yi nauyi, 'ya'yansa ke zirga-zirga. Kada wannan ya ruɗe ka. Duk ɗakin da ka shiga ka nemi mai furfura ka fara da shi, ka rusuna, ka ba shi hannu biyu. Ka kira shi Haji Sahib, kada sunansa ya fito daga bakinka tsirara. 'Ya'yansa za su ja ka yawo, su yi wasa da kai, har su ce maka an gama magana. Ba a gama ba sai tsohon ya ce. In kana da buƙata ka faɗa wa ɗansa a keɓe, shi ya san lokacin da zai shigar. Ka cire takalmi a ƙofa, kada ka miƙe ƙafa tafinta na kallon mutum, kada ka miƙa wa matan gidan hannu. Ba a kawo zancen ciniki a kan abinci sai mai gida ya kawo.

Akwai wadda ta fi waɗannan ƙona mini rai, domin da kyakkyawar niyya na yi ta. Bayan haɗin gwiwarmu ta kankama, masaƙar da ke buga mana zane ta turo wakilinta Jidda, wani mutum mai natsuwa, ba Musulmi ba, mai bin addinin Hindu ne. Ina so ya yarda su buga mana zanen da matanmu ke so, mai manyan furanni da launi mai ƙarfi, ba irin nasu ƙanana ba. Na ce zan nuna masa karamcin Bahaushe. Ban tambayi Dawud ba. Na sayo naman sa mai kyau, uwarka ta wuni a murhu, aka yi miya, aka yi gashi, aka cika tire. Baƙon ya zauna ya ɗauki gurasa da ayaba. Na ce kunya yake ji. Na yanko tsoka da hannuna na ɗora masa a kan gurasar da ke gabansa, ina ci, ci, gidanka ne. Mutumin ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Bai ƙara taɓa komai ba, ko ruwa. Dawud ya raɗa mini cewa bai taɓa sa nama a baki ba tun da aka haife shi, saniya kuwa a wurinsu kamar uwa take.

Ka san abin da na fara ji? Fushi. Na ce a raina an raina abincin matata. Sai da na kwanta na juya abin, na ce da ni aka gayyata aka ɗora mini naman alade a kan tuwona ana ci, ci, me zan yi? Da na kifar da tiren. Shi bai kifar ba, har godiya ya yi a ƙofa. Zanen dai ba mu same shi a wannan zuwan ba, sai da Dawud ya yi ta rubuce-rubucen ban haƙuri. A can yawancin masu masaƙu irin mutumin nan ne. Kafin ka gayyaci kowa ko ka kai masa kyauta, ka tambayi mutanen gidan Haji me yake ci, me ba ya taɓawa. Kada ka kai masa abin fata. Kai ma ka faɗi naka a fili ba tare da ɗaga hanci ba, cewa ba ka shan giya, kana tashi salla in lokaci ya yi, za su girmama ka a kan haka. Abin da suke bauta wa ba ruwanka, ba wa'azi aka aike ka ba, kuma in ka ga abin da ya ba ka mamaki ka riƙe fuskarka. In suka fara zancen rigimarsu da Pakistan, ko ta Musulmi da Hindu, ka ce kai baƙo ne ka sha shayinka.

Kada ka ɗauka ina ce maka mala'iku ne. Akwai masu ha'inci a cikinsu kamar yadda muke da su, za a nuna maka samfuri mai kauri a ɗaure maka mai shara-shara in ka yi barci. Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Wasunsu suna raina baƙar fata, raini mai tsanani, har a junansu. Wani magatakarda da aka taɓa kawowa shagon Dawud, in na ba shi hannu sai ya goge a jikin wandonsa, in na yi magana sai ya amsa wa wanda ke kusa da ni. Na haɗiye, na haɗiye, ranar da na kasa na ɗauki bandir na jefa masa a ƙirji. Ka san abin da ya biyo baya? Aka manta da abin da ya yi mini, zancen kasuwa ya zama Takruni ya yi hauka. Da Dawud ya ji asalin maganar ya yi fushi da ni, ya ce me ya sa ban gaya masa tun farko ba, ai wanda ya raina abokin cinikin gida, gidan ya raina. Bai ƙara wata ba ya mai da mutumin ƙasarsu.

Za ka gamu da irinsa, a jirgi ma kafin ka sauka. Za a kalle ka a titi, yara za su bi ka. Ban aike ka ka sunkuya wa kowa ba. Kakanka da ƙafa ya taka daga ƙasar Hausa har bakin Nilu, da Alƙur'ani a kansa, ba ka da abin jin kunya. Amma kada ka rama da hannu ko da zagi a ƙasar da ba ka da kowa. Ka sa tufafi masu tsabta, ka san kayanka fiye da mai sayar maka, ka yi magana kaɗan. Wanda ya wulaƙanta ka, ka kai maganarsa wurin Haji a keɓe, da sanyin murya, ka bar masa. Sun san yadda suke hukunta nasu. Ka kuma riƙe zafin da za ka ji a ranar, ka tuna cewa kai ma ka ɗanɗana wa wani.

Yanzu ga abin da nake so, kuma ba shawara ba ce. Kafin Juma'a ka je Sharafiyya, kai kaɗai, ba da abokan nan naka ba. Ka sami baffanka Ammu Dawud a gida, ka sumbaci kansa, ka ce ka yi kuskure. Kada ka ce wasa ne. Zai karkaɗa kai ya ce ba komai, bai ma gani ba. Ya gani. Ka zauna ka sha shayinsa har ƙasan kofi, in ya ƙara maka ka sha.

Jiya da hantsi ya zo shago. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya ce yaro ne, kuma ba zai rubuta wa yayansa komai ba, in bar ka ka isa da farar fuska. Sannan ya sa aka shigo da wani gwangwanin ruwan zamzam da aka liƙe bakinsa da dalma, da ƙullin dabinon Madina, da wani farin yadi da ya wanke da zamzam ya shanya ya naɗe da hannunsa. Mahaifiyarsu tana nan da rai a gidan Haji, ta tsufa tukuf, ta makance, ta daɗe tana roƙon a kawo mata likkafaninta daga nan. Shi ciwon ƙafa da shago sun hana shi tafiya, ya kuma san da wuya ya sake ganinta. Yana da 'yan garinsu da yawa a jirgin nan da zai iya ba wa. Ya ce kai yake so ka kai mata, ka sa a hannunta, ka zauna kusa da ita ta shafa fuskarka, domin ya sha ba ta labarin yaron da aka haifa a gabansa.

Kayan suna ɗakin uwarka. Kada ka sa su a cikin akwatin da za a jefa ƙasan jirgi, ka riƙe su kusa da kai har ka sauka.

Allah ya kiyaye hanya, ya kwantar maka da teku, ya haɗa ka da mutanen kirki, ya kare ka daga sharrin mutum da sharrin bakinka. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Ka rubuto wa uwarka da zarar ka isa, ko layi biyu ne, don ba za ta yi barci mai daɗi ba sai ta ji. Fushina na uba ne, albarkata tana tare da kai, Allah ya yi maka albarka duniya da lahira. Amin.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Usman